Sirkka Ikonen da Masu Shuɗin Harshe

Haihuwa da Asali

An haifi Farfesa Sirkka Ikonen a watan Agusta na shekarar 1946, a ƙauyen Kuikkavaara da ke gabashin ƙasar Finlan, daidai lokacin da 'ya'yan mustikka, wasu ƙananan 'ya'yan itace masu rina baki, suka nuna a daji, kowane yaro a ƙauyen yana yawo da shuɗin baki. Mahaifinta, Eino Ikonen, mai saran katako ne kamar ubansa. Mahaifiyarta, Lempi, tana kiwon shanu, tana kuma dafa wa ma'aikatan daji abinci a lokacin sanyi. 'Ya'ya biyu suka haifa: Reino, wanda ya girme ta da shekara takwas, sai ita. Sunan da aka raɗa mata a harshensu sunan gyare ne, kuma duk wanda ya san ta ya shaida ba a taɓa yin sunan da ya dace da mai shi haka ba, domin tun tana rarrafe ba a ajiye ta a wuri a dawo a same ta.

A watan Fabrairu na shekarar 1957 mahaifinta ya ajiye gatari, ya zauna a kan gungume don shan gahawar hantsi. Ya zuba ta a ɗan faranti, ya danne dunƙulen sukari tsakanin haƙoransa, ya fara zuƙa ta cikinsa kamar yadda kowane namiji a Kuikkavaara yake sha. Bai ƙarasa ba ya kife a kan dusar ƙanƙara. Shekarunsa arba'in da huɗu. Ba wanda ya yi mamaki, domin a wancan zamani namijin da ya kai hamsin a yankin dattijo ne abin nunawa.

A wurin shan gahawar bayan jana'iza, yarinyar ta ja rigar fasto.

"Me ya kashe shi?"

"Zuciya ce, 'yata."

"To ita zuciyar me ya kashe ta?"

Fasto ya dubi mahaifiyarta, mahaifiyarta ta ce, "Zauna, Gyare." Ba ta zauna ba. Daga ranar ne aka lura a tsaye take shan gahawa, ko a gidan wa, kuma ta riƙe wannan ɗabi'a shekaru masu yawa.

Neman Ilmi

Reino yana da shekara goma sha tara a lokacin, har ya shirya tafiya Suwidin aikin masana'anta. Ya kwance jakarsa, ya ɗauki gatarin ubansu, ya ce ƙanwarsa za ta yi karatu. Ta yi firamare a ƙauye, ta yi sakandare a garin Nurmes, sannan a shekarar 1965 ta sami gurbin karanta kimiyyar sinadarai a babban birni, Helsinki.

Mutum biyu suka raka ta tashar jirgin ƙasa: Reino, da amininsa Onni Hassinen, maƙwabcinsu kuma abokin saransa, wani ƙato mai dariyar da ake ji daga ƙetaren tafki.

"Je ki ki karanto mana abin da ke kashe mu," in ji Reino. "Ki dai yi sauri, Gyare, ba mu da lokaci."

"Wannan za ka koya wa sauri?" in ji Onni. "Ka roƙi direba dai kada ta riga jirgin isa."

A shekararta ta uku wani malami ya ajiye musu man shanun da ya daɗe a buɗe har warinsa ya sauya, ya ce iskar da mutum yake shaƙa ya rayu, ita ce dai take cin maiƙo kamar yadda take sa ƙarfe tsatsa, kuma akwai masu zaton haka take yi wa kitsen da ke yawo a jinin ɗan Adam har jijiyoyi su toshe. Ya ƙara da cewa a cikin wasu tsirrai akwai sinadaran da suke tare wannan tsatsa. Sirkka ta fita daga aji tun ba a tashi ba. Ta aika gida a kawo mata mustikka, ta tace shuɗin ruwansa, ta ɗiga a kan kitsen jini a cikin kwalaben gwaji. Wanda ta ɗiga wa ya jima bai lalace ba, wanda ba ta ɗiga wa ba ya ɓaci. Ta maimaita har sai da mai share ɗakin gwajin ya kai ƙararta saboda shuɗin tabo a ko'ina. A kan wannan bincike ta sami digirin digirgir a shekarar 1976, kuma ta yi imani har zuci cewa maganin abin da ya kashe ubanta yana nan zube a dajin da ya mutu a cikinsa.

Aure da Zuri'a

A shekarar 1970 ta auri Jouko Vartiainen, malamin makaranta mai sanyin hali, wanda kan ɗauki rabin yini yana zaɓen ƙugiyar kamun kifi. Sun haifi Marjut a 1971, Ilpo a 1974, sai Kaisu a 1979. Iyalin sun zauna a Helsinki, suka koma Uppsala, suka dawo, daga bisani suka tare a Kuopio, inda wata cibiyar bincike ta ba ta ɗakin gwaji nata na kanta. Jouko ya sha gaya wa baƙi cewa ya fi sanin ƙeyar matarsa a kan fuskarta, tunda kullum fita take yi. In ta ji sai ta ce, "Ka tashi ka biyo ni mana, sai ka ga gefe."

Babban Gwaji, 1984 zuwa 1990

Kwalba dai ba mutum ba ce. A shekarar 1984 aka amince mata ta gwada maganin a kan mazan yankinsu, kusan mutum ɗari takwas daga ƙauyuka da dama, har da Kuikkavaara. An sarrafa shuɗin mustikka ya zama ƙwaya. Rabin mazan za su sha ta gaske, rabi za su sha holoƙo mai gari zalla a ciki, kuma ƙuri'a ce ta raba su. Domin kada kowa ya san wadda ya samu, aka lulluɓe ƙwayoyin biyu da farin ɓawon sukari iri ɗaya, aka rubuta a jikin kowace kwalba cewa a haɗiye da ruwa. Ita kanta Sirkka ba ta san wa ya sami wace ba. Wani masanin lissafi a wani gari ne kaɗai ya sani, kuma ba zai faɗa ba sai an gama.

Ta tara mutanen ƙauyensu a zauren taro, tana bayani tana kai da komo a gabansu. Ta ce su rage man shanu, su rage gishiri, su kuma daina danne sukari a haƙori.

Onni ya ɗaga hannu. "'Yar Eino, man shanu kin hana, gishiri kin hana, yanzu kuma sukarin gahawa? To me za mu sa a tsakanin haƙora, yatsa?"

"Sa harshenka, Yaya Onni, ko ma huta."

Zaure ya kaure da dariya. Reino, wanda ya kai arba'in da shida, shi ya fara sa hannu, Onni ya bi shi.

Shekara biyar ta yi tana zagaye ƙauyukan da ƙaramar motarta, tana ɗibar jini, tana raba kwalabe, tana azalzalar ma'aikatan jinya. Duk ƙauyen da ta shiga sai ta ga mazan suna gaishe ta baki a rufe, suna ƙunshe dariya. Ta ɗauka kunya ce irin ta mutanen daji.

A watan Maris na 1989 Reino ya faɗi a bayan gidansa yana faskaren itacen sauna, wato ɗakin wankan tururi irin nasu. Shekarunsa hamsin da ɗaya. Sirkka ta iso ba ta ko cire rigar sanyi ba, ta tsaya a kansa, ta ce wa matarsa Aune, "Da saura shekara guda a gama." Abin da ta ce ke nan. A ranta ta yanke cewa holoƙo ƙuri'a ta ba shi.

A bazarar 1990 masanin lissafin ya bayyana rabon. Reino yana cikin masu ƙwayar gaske. Onni ne ya sami holoƙo. Mace-mace a ɓangarorin biyu kuwa daidai suke, ba bambanci. Amma akwai abin da ya fi wannan ɗaure kai: alamar shuɗin da ake nema a jikin mutanen ta fito a ɓangarorin biyu kusan daidai wa daida, har a jikin waɗanda gari zalla aka ba su. Ta ce na'ura ce ta lalace, aka sauya. Ta ce an cakuɗa kwalabe a wurin sarrafawa, aka bincika, ba a cakuɗa ba. Ta aika samfur ƙasashe biyu, amsa ta dawo iri ɗaya. Ta rame, ta daina cin abinci a tebur.

Abin da Ya Faru a Gidan Onni

A watan Yuni na wannan shekara ta je ƙauye duba kabarin yayanta, ta biya ta gidan Onni. Matarsa ta ɗora gahawa. Sirkka ta karɓi tata a tsaye a bakin taga. Onni ya zuba tasa a ɗan faranti, ya miƙa hannu saman kabad ya ɗauko wata tsohuwar kwalba, ya zazzago farar ƙwaya, ya danne ta tsakanin haƙoransa, ya fara zuƙa.

"Yaya Onni, me kake yi?"

"Gahawa nake sha, Likita. Ragowar ƙwayarki ce, ba zan zubar ba. Ai ke kika hana sukari, wannan kuwa da ɗan zaƙinsa a baya. Kowa haka ya yi."

Ya yi dariya, sai ga harshensa shuɗi shar.

Ta ajiye kofinta. "Kai holoƙo aka ba ka. Gari ne a cikin taka. Ina ka samo shuɗi?"

"Wannan? Ta Reino ce." Ya lashe leɓe. "Ai tun makon farko aka gane. Da ɓawon ya narke, wani harshensa ya rine, wani fari fat. Ranar Asabar a sauna muka jeru kowa ya zaro nasa, muka yi dariya har wani ya zamo daga kan benci. Masu shuɗin harshe da masu farin harshe."

"Sai kuma me?"

"Sai aka raba mana. Ya za a yi mutum ya zauna yana shan magani, maƙwabcinsa yana tsotsar gari? Wanda kuke jan gungume ɗaya da shi? Kowane mai shuɗi ya ɗauki mai fari guda, rabi da rabi. Har sauran ƙauyukan ma, da labari ya je musu."

"Shekara shida! Ba wanda ya gaya min?"

"Za ki yi faɗa ne, Gyare. Ga shi kina yi."

Ta zagaya teburin, ta dawo. "Reino rabi ya ba ka?"

Onni ya ajiye farantin. "Da farko rabi. Da ƙirjina ya fara ciwo a shekara ta biyu, sai ya kawo kwalbar gaba ɗaya ya dangwarar a nan. Ya ce ni mai 'ya'ya biyar ne, shi kuma ƙanwarsa ce ta haɗa abin, in ya buƙata za ta ƙaro masa." Dariyar ta fara barin fuskarsa. Ya zaro sauran ƙwayar daga bakinsa ya dube ta. "Tsaya. Da ya sha tasa, da yana nan?"

Sirkka ba ta iya ƙarya ba, ko ta lallashi. "Ban sani ba."

"Ke ce likita."

"Na ce ban sani ba! Kun cakuɗa min komai, ta ina zan sani?"

Onni ya ture farantin gahawar. Ba a ƙara jin dariyarsa daga ƙetaren tafki ba. Daga wannan shekara, duk kaka yakan sare itace ya jibge wa Aune a ƙofar gida, yakan kwashe ƙanƙarar kan kabarin Reino, amma ko ta roƙe shi ba ya shiga ya sha gahawa. A Kuikkavaara, mutum ya yi maka aiki ya ƙi shan gahawarka magana ce babba, kowa kuma ya san abin da take nufi.

Gwaji na Biyu, 1994 zuwa 2004

Ta rubuta rahoton abin da ya faru ba tare da ta ɓoye komai ba, ta ce kuskuren nata ne, tunda ta tashi a gidan da ake shan gahawa ta cikin sukari amma ta lulluɓe magani da sukari. Aka yi ta ba'a da labarin a tarurrukan masana, har wani a Kopenhagen ya tambaye ta a bainar jama'a ko an gwada harshen shanun ƙauyen. Cibiyarta ta so ta koma kan kwalabe da ɓeraye. Ta ƙi. Shekara huɗu tana bin masu tallafa wa bincike daga wannan birni zuwa wancan, tana kwana a jirgin ruwa, tana gyara jawabi a tasha. Jouko ya ce mata, "Ko kin gano, Reino ba zai dawo ba." Ta ce, "Onni ai yana nan."

A shekarar 1994 aka fara gwaji na biyu, da mutane fiye da na farko, a wasu gundumomi nesa da Kuikkavaara. A wannan karon ƙwayoyin biyu duka shuɗi ne a ciki, ɓawonsu kuwa ɗaci ne da shi wanda ba mai iya riƙe shi a baki. Ita da kanta ta tauna ta farko a gaban ma'aikatanta, ta tofar, ta ce, "Yauwa." An ba ta muƙamin farfesa a 1998, ta halarci bikin, ta fita kafin a raba abinci. Duk lokacin da ta je ƙauye takan hango Onni a bakin tafki, ya ɗaga mata hula daga nesa ya juya baya. Gashinsa ya yi fari, nata ma haka. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne kada ya mutu kafin amsa ta fito. Takan buga wa Aune waya, ba gaisuwa, ta ce, "Yana nan?" Aune ta ce, "Yana nan, ya kawo itace."

A watan Mayu na 2004 sakamako ya fito, kuma a wannan karon ba ƙura a cikinsa. Masu shan ta gaske da masu shan holoƙo, zukatansu iri ɗaya, mace-macensu iri ɗaya. Abin da yake tare tsatsa a kwalba bai tare komai a ƙirjin mutum ba. Aikin shekara talatin da wani abu ya tashi a babu. Abokan aikinta suka taru suna shawarar yadda za a sassauta kalmomin rahoton. Ta bar su suna magana, ta ɗauki makullin mota.

Ta sami Onni a bakin tafki yana ɗinkin koma. Ya yunƙura zai juya, ta sha gabansa.

"Ba ta aiki."

"Wace?"

"Ƙwayar. Ko ya shanye tasa duka, ko ya haɗa da taka da ta duk ƙauyen nan, ba za ta ƙara masa kwana ɗaya ba."

Onni ya dube ta, allura a hannu. "Kin tabbata? Ba don ki sanyaya min rai ba?"

"Yaushe na taɓa sanyaya wa wani rai, Yaya Onni?"

"Wannan kam gaskiya ne." Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa, ita ba ta gane kuka yake ko dariya ba, shi ma da alama bai gane ba. Ya share fuska da komar. "To ni me ya raya ni?"

"Taurin kai. Shi ban gwada ba tukuna."

"Kai! Shekara shida ƙatti suna yawo da harshe kamar saniyar da ta lashi tawada, ashe a banza!" Dariyar ta ɓalle, irin ta da, har agwagin tafki suka tashi. Can ya tsagaita ya ce, "Ke fa, Gyare? Duk wannan gudun da kika yi, babu kika samo?"

"Babu. Amma ta gaskiya ce."

Ya jingine komar, ya sa hularsa. "Aune tana gida?"

Tare suka tafi. Aune ta buɗe ƙofa, ta ga wanda ke tsaye, ta juya ta ɗora tukunya. Onni ya goge ƙafa ya shiga ɗakin da rabonsa da shi shekara goma sha huɗu, ya zuba gahawa a faranti, ya nemi dunƙulen sukari, ya dubi Sirkka.

"Sa abinka," in ji ta.

Sannan ta jawo kujerar Reino, ta zauna. Aune ta ba da labari daga baya cewa saura kaɗan tukunyar ta suɓuce mata.

Shekarun Ƙarshe

An buga rahoton a ƙarshen 2004 ba tare da an sassauta kalma ko ɗaya ba. Masu sayar da ƙwayoyin mustikka ba su ji daɗinsa ba, ɗalibanta kuwa sun ci gaba da binciken yadda jiki da kansa yake sarrafa wannan tsatsa, da dalilin da ya sa kwalba take faɗin abu jiki ya ƙaryata. Takan ce wa sababbin ɗalibai, kafin su ba mutum magani su fara zuwa gidansa su ga yadda yake shan gahawa. Ta yi ritaya a 2011, ta koma Kuikkavaara tare da Jouko, wanda ya rasu a 2016. Ba za a ce ta zama mai natsuwa ba: ta sauya wa gidan fenti sau uku, ta yi rigima da majalisar gunduma a kan hanya, duk kaka kuma tana daji da bokiti tana tsinkar mustikka, tana cewa ba magani ba ne, daɗi ne da shi. Gahawa dai a zaune ta ci gaba da shan ta.

Rasuwa

Farfesa Sirkka Ikonen ta rasu a watan Satumba na shekarar 2019 bayan gajeriyar rashin lafiya, tana da shekara saba'in da uku. An binne ta a maƙabartar cocin Kuikkavaara, kusa da mahaifinta da yayanta. A wurin shan gahawar bayan jana'iza an raba wainar mustikka wadda ita da kanta ta tsinko 'ya'yan makonni kaɗan kafin ta kwanta, har fasto ya yi addu'ar rufewa da shuɗin harshe.

Ta rasu ta bar 'ya'ya uku: Marjut Vartiainen, likitar yara a Oulu, Ilpo Vartiainen, direban jirgin ƙasa, da Kaisu Vartiainen, malamar kimiyya a Joensuu, da jikoki bakwai. Ta kuma bar Onni Hassinen, wanda ba ɗanta ba ne, ba kuma ɗan'uwanta ba, mai shekara tamanin da shida, wanda aka turo a keken marasa ƙarfi har bakin kabari, ya leƙa, ya cire hula ya ce, "Ka matsa ka ba ta wuri, Reino. Ta iya zama yanzu."